Darasin Kwamfuta: Yadda Ake Buɗe Taga a Nuna Hoto da Python

Duk wanda ya fara koyon Python ya san baƙin allon nan da ake rubuta umarni a cikinsa, amsa ta fito da fararen haruffa. Allo ne mai amfani, amma ba da shi yawancin mutane suke aiki da kwamfuta ba. Ma'aikacin banki da mai shagon buga takardu da malamin da ke shigar da sakamakon jarrabawa, duk taga suke gani: fili mai suna a samansa, da maɓallan dannawa, da hotuna. Shirin da ba shi da taga, galibi wanda ya rubuta shi ne kaɗai zai iya amfani da shi. Saboda haka a yau za mu koyi yadda ake girka kayan gina taga, da yadda ake sa hoto ya bayyana a cikinta.

Abin da muke so ku riƙe tun daga farko shi ne, hoto ba ya fitowa a taga sai an cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kayan aikin su kasance a cikin Python ɗin da kake amfani da shi. Na biyu, a mayar da hoton zuwa siffar da taga take ganewa. Na uku, shirin ya ci gaba da riƙe hoton muddin ana son a gan shi. Yawancin matsalolin da mai koyo yake haɗuwa da su suna komawa ga ɗaya daga cikin ukun nan.

Mene ne laburare a harshen masu rubuta manhaja?

Tela ba ya saƙa yadi kafin ya ɗinka riga, kuma ba ya ƙera allura. Yana sayen yadi da zare da maɓalli, shi kuma ya yanka ya haɗa. Haka mai rubuta manhaja yake. Zana taga a fuskar kwamfuta, da gane inda linzami ya danna, da sanin harafin da aka buga a kibod, aiki ne mai tarin yawa da wasu suka riga suka yi, suka tattara shi wuri guda domin kowa ya ɗauka. Wannan tarin shi ake kira laburare.

Tagogi sun daɗe. Kwamfutar Alto da kamfanin Xerox ya ƙera a Amurka a 1973 tana cikin na farko da suka yi aiki da linzami da hotuna a fuskarsu. Macintosh ta kamfanin Apple ta fito a 1984, Windows kuma ta biyo baya a 1985. Laburaren da za mu yi amfani da shi ya samo asali ne daga Tk, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira yana malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fitar da shi a 1991. A wannan shekarar ce Guido van Rossum ya fitar da Python a ƙasar Holan. Gadar da ta haɗa su biyun ita ce Tkinter: kai kana rubuta Python, ita tana isar da saƙonka ga Tk, shi kuma ya zana tagar.

Akwai wasu laburarorin da ke wannan aiki, irin su PyQt da wxPython da Kivy. Mun zaɓi Tkinter saboda dalili biyu. Yana zuwa tare da Python a kan Windows, ba sai an kashe data wajen sauke shi ba. Kuma ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Shirin IDLE da da yawanmu muke rubuta Python a cikinsa, da Tkinter aka gina shi.

Mataki na ɗaya: girka Python da Tkinter

Kafin a girka komai a kwamfutar makaranta, a nemi izinin malamin da ke kula da ɗakin. Idan babu Python a kanta, ana sauke shi kyauta daga python.org. A lura da irin Windows ɗin da ke kan na'urar, domin Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7. Daga 3.9 zuwa sama ba za su girku a can ba.

Wajen girkawa akwai wurare biyu da bai kamata a yi gaggawar wucewa ba. A shafin farko, can ƙasa, akwai ɗan akwati da ke maganar saka Python a cikin PATH. A sa masa alama, domin shi ne zai sa baƙin allo ya san inda Python yake. Idan kuma aka bi hanyar zaɓen kayan da ake so, a tabbata akwatin da aka rubuta tcl/tk and IDLE yana da alama, domin a nan Tkinter yake.

Bayan an gama, a buɗe Command Prompt a rubuta:

    py -m tkinter

Idan wata 'yar taga ta fito da maɓallai biyu da lambar Tk ɗin da aka girka, to an dace. A duba lambar. Idan 8.6 ce ko sama da haka, za ta iya buɗe hoton PNG da kanta.

Masu Ubuntu su sani cewa a can Tkinter ba ya zuwa tare da Python, sai an girka shi daban. Umarni ɗaya ya isa ya kawo shi tare da laburaren hotunan da za mu yi magana a kansa yanzu:

    sudo apt install python3-tk python3-pil python3-pil.imagetk

Mataki na biyu: girka Pillow

Tkinter ya san hotunan GIF da PNG, amma bai san JPEG ba. Ga shi kuma yawancin hotunan da wayoyinmu suke ɗauka JPEG ne. Domin cike wannan giɓi ake girka Pillow. Asalinsa wani laburare ne mai suna PIL da Fredrik Lundh ya fara a 1995. Da aiki a kansa ya tsaya, sai wasu suka ci gaba da shi da sunan Pillow tun daga 2010. Shi ya sa ake girka shi da sunan pillow, amma a cikin shiri ana kiransa da tsohon sunansa, PIL. A kan Windows ga umarnin:

    py -m pip install pillow

Me ya sa ba mu rubuta pip install pillow kai tsaye ba? Saboda sharaɗinmu na farko. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da Python biyu ko uku, musamman wadda ta bi hannun ajujuwa da yawa, kuma kowanne da rumbun kayansa. Idan ka zuba Pillow a rumbun wannan, ka gudanar da shirinka da wancan, zai ce maka bai san wani PIL ba. Idan ka fara da py wajen girkawa, ka kuma fara da py wajen gudanar da shirin, ka tabbata rumbu ɗaya kake magana da shi.

To idan ɗakin kwamfuta ba shi da intanet fa? Ba a rasa hanya ba. A sami kwamfutar da ke da intanet a rubuta:

    py -m pip download pillow -d kaya

Wannan zai sauke fayil ɗin Pillow, wanda nauyinsa megabait kaɗan ne, ya ajiye shi a folda mai suna kaya. A kwafi foldar a filash, a kai ta kwamfutar makaranta, a shiga inda take a rubuta:

    py -m pip install --no-index --find-links kaya pillow

Da saukewa ɗaya za a iya girka wa kwamfutoci ashirin. Sai dai dole lambar Python da irin Windows su zama ɗaya a ɓangarorin biyu. A duba sunan fayil ɗin: idan aka ga cp312, na Python 3.12 ne, idan aka ga win_amd64, na Windows mai bit 64 ne.

Mataki na uku: taga ta farko

A buɗe sabon fayil a IDLE, a rubuta waɗannan layuka, a adana shi da suna taga1.py:

    import tkinter as tk

    taga = tk.Tk()
    taga.title("Tagata ta farko")
    taga.geometry("600x400")
    taga.mainloop()

Layin farko ya ɗauko laburaren ya ba shi gajeren suna. Na biyu ya gina tagar. Na uku ya rubuta sunanta a sama. Na huɗu ya ce faɗinta ɗigo 600 ne, tsayinta ɗigo 400. Ɗigo, ko fiksel, shi ne mafi ƙanƙantar ƙwayar haske a fuskar kwamfuta, kuma da shi ake auna komai a nan.

Layin ƙarshe shi ne zuciyar shirin. Shirye-shiryen da muka saba rubutawa suna farawa daga sama, su gangara ƙasa, su ƙare. Shirin taga ba haka yake ba. Idan ya iso mainloop sai ya zauna kamar mai gadi a bakin ƙofar makaranta, yana jiran wani abu ya faru: an danna maɓalli, an ja gefen taga, an buga harafi. Duk abin da ya zo ya kula da shi, ya koma ya zauna, har sai an rufe tagar. Idan aka manta da wannan layi aka gudanar da shirin daga baƙin allo, zai ƙare nan take, tagar ba za ta tsaya ba. Kuma duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba zai gudana ba sai bayan an rufe ta.

Gargaɗi ɗaya: kada a sa wa fayil suna tkinter.py. Python zai ɗauka fayil ɗinka ne laburaren, ya bar na gaskiya.

Mataki na huɗu: hoton PNG

A sami hoton PNG, a ajiye shi a folda ɗaya da shirin, a ce sunansa tuta.png.

    import tkinter as tk

    taga = tk.Tk()
    taga.title("Hoto a taga")
    hoto = tk.PhotoImage(file="tuta.png")
    allo = tk.Label(taga, image=hoto)
    allo.pack()
    taga.mainloop()

A nan abubuwa uku ne, kuma kowanne daban yake. Taga ita ce bangon. Label shi ne allon da aka rataye a bangon. PhotoImage shi ne hoton da aka manna a allon. Umarnin pack shi ne rataye allon. Idan babu shi, allon yana nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta amma ba wanda zai gan shi. Ba mu faɗi girman tagar ba a wannan karo, saboda haka za ta daidaita kanta da girman hoton. A lura kuma da jerin layukan: sai an gina taga kafin a ƙirƙiri hoto.

Mataki na biyar: hoton waya

Hoton waya yana zuwa da matsala biyu. Ta farko girma. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai faɗin ɗigo 4000 da tsayin 3000, wato ɗigo miliyan 12. Kowane ɗigo yana buƙatar bait uku, na ja da kore da shuɗi. Idan aka ninka, hoton da fayil ɗinsa bai wuce megabait kaɗan ba zai ci kusan megabait 36 idan aka buɗe shi gaba ɗaya. Fuskar ƙananan kwamfutoci da yawa kuwa ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsaye. Idan aka nuna hoton yadda yake, wani yanki nasa kawai za a gani.

Ta biyu juyewa. Idan ka riƙe waya a tsaye ka ɗauki hoto, sau da yawa tana adana shi a kwance, sai ta rubuta 'yar sanarwa a cikin fayil ɗin cewa a miƙar da shi wajen nunawa. Wurin da ake rubuta irin wannan bayani shi ake kira EXIF. Shirin da bai karanta sanarwar ba zai nuna mutane a kishingiɗe. Pillow yana warware duka biyun:

    import tkinter as tk
    from PIL import Image, ImageOps, ImageTk

    taga = tk.Tk()
    asali = Image.open("aji.jpg")
    asali = ImageOps.exif_transpose(asali)
    asali.thumbnail((800, 600))
    hoto = ImageTk.PhotoImage(asali)
    allo = tk.Label(taga, image=hoto)
    allo.pack()
    taga.mainloop()

Image.open ya buɗe fayil ɗin. exif_transpose ya karanta sanarwar ya miƙar da hoton. thumbnail ya rage shi har ya shiga cikin filin 800 da 600 ba tare da ya ɓata siffarsa ba. Hoto mai 4000 da 3000 zai koma 800 da 600, wato ɗigo 480,000, kashi ɗaya cikin 25 na asalinsa. Wanda yake a tsaye, mai 3000 da 4000, zai koma 450 da 600. Akwai wani umarni mai suna resize, amma shi yana tilasta wa hoto girman da aka faɗa masa, ko da fuskar mutum za ta baje ko ta tsuke. A kula: thumbnail yana gyara hoton a inda yake, ba ya mayar da sabo, saboda haka ba a sa masa alamar daidai a gabansa. Kuma kwafin da ke ƙwaƙwalwa yake ragewa, fayil ɗinka na asali yana nan ba a taɓa shi ba. Layin ImageTk.PhotoImage shi ne sharaɗinmu na biyu: shi ke mayar da hoton Pillow zuwa siffar da Tk yake ganewa.

Mataki na shida: mai duba hoto, da sirrin hoton da ke ɓacewa

Yanzu bari mu haɗa shirin da wani zai iya amfani da shi ko bai san Python ba. Zai danna maɓalli, ya zaɓi hoto, hoton ya fito.

    import tkinter as tk
    from tkinter import filedialog
    from PIL import Image, ImageOps, ImageTk

    def bude_hoto():
        hanya = filedialog.askopenfilename()
        if not hanya:
            return
        asali = Image.open(hanya)
        asali = ImageOps.exif_transpose(asali)
        asali.thumbnail((800, 600))
        hoto = ImageTk.PhotoImage(asali)
        allo.config(image=hoto)
        allo.image = hoto

    taga = tk.Tk()
    taga.title("Mai duba hoto")
    maballi = tk.Button(taga, text="Zabi hoto", command=bude_hoto)
    maballi.pack()
    allo = tk.Label(taga)
    allo.pack()
    taga.mainloop()

A wajen maɓallin an rubuta bude_hoto babu baka biyu a bayansa. Da an sa su, aikin zai gudana tun kafin kowa ya danna komai. Mu sunan aikin muke ba maɓallin ya ajiye, ya kira shi idan an danna. Layukan if not hanya kuma suna kare shirin ne daga wanda ya fasa zaɓe ya rufe akwatin.

Yanzu ku dubi layin allo.image = hoto. A ido kamar maimaici ne, tunda layin da ke samansa ya riga ya manna hoton. Ku goge shi ku gwada. Tagar za ta buɗe daidai girman hoton, amma fili ne fayau, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito.

Ga dalili. Python yana da mai shara a cikinsa. Yana ƙirga sunaye nawa ne suke riƙe da kowane abu da ke ƙwaƙwalwa, kuma da zarar ƙirgar ta koma sifili sai ya share abin domin a sami wuri. Sunan hoto an haife shi ne a cikin aikin bude_hoto, kuma yana mutuwa da zarar aikin ya ƙare. Allon kuwa yana zaune a ɓangaren Tk, abin da ya karɓa lakabin hoton ne kawai, kuma mai sharar Python ba ya ƙirga wannan. Sai ya ga ba mai riƙe da hoton, ya kwashe shi. Layin allo.image = hoto yana ɗaure hoton a jikin allon ta ɓangaren Python, ta yadda muddin allon yana nan, hoton ma yana nan. Wannan shi ne sharaɗi na uku. A misalan baya ba mu buƙace shi ba, saboda can sunan hoton yana waje, yana raye har ƙarshen shirin.

Idan jan rubutu ya fito

Saƙon kuskure ba faɗa ba ne, kwatance ne. A karanta layinsa na ƙarshe tukuna.

Idan ya ce No module named 'PIL', ko dai ba a girka Pillow ba, ko an girka shi a wani Python daban.

Idan ya ce couldn't recognize data in image file, an ba tk.PhotoImage hoton da bai sani ba, galibi JPEG. A bi ta Pillow. Canja ƙarshen sunan fayil daga jpg zuwa png ba ya canja abin da ke cikinsa.

Idan ya ce no such file or directory, ba a sami fayil ɗin ba. A duba rubutun sunan da foldar da yake ciki. Windows kan ɓoye ƙarshen sunaye, har mutum ya wayi gari da tuta.png.png bai sani ba. Idan za a rubuta cikakkiyar hanya, a yi amfani da alamar / kamar haka: C:/hotuna/tuta.png, domin ɗaya alamar da Windows ta saba da ita tana da wata ma'ana a rubutun Python.

Idan ya ce Too early to create image, an ƙirƙiri hoto kafin a gina taga.

Idan ya ambaci ANTIALIAS, tsohon darasi ake kwafa. An cire wannan suna daga Pillow 10 a 2023, a rubuta LANCZOS a madadinsa.

Aikin gwaji

Gani ya kori ji, kuma wannan fanni da hannu ake koyonsa. A kwafi shirye-shiryen nan a littafi, a kula da tazarar da ke farkon layuka, domin Python yana karanta ta. A buga su da hannu a darasin kwamfuta na gaba, sannan a gwada waɗannan:

1. A ƙara Label na biyu a ƙarƙashin hoton da zai nuna sunan fayil ɗin da aka zaɓa.

2. A gyara rubutun maɓallin ya koma "Zaɓi hoto" da harafinmu mai lanƙwasa. Python 3 yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ.

3. A rubuta shirin da zai riƙa canja hotuna da kansa kowane daƙiƙa uku, irin wanda za a iya haskawa a bango ranar rabon kyaututtuka. Kada a yi amfani da time.sleep, domin zai sa mai gadin nan barci, tagar ta daskare. Tkinter yana da umarnin after, wanda ake ba lokaci da sunan aiki. Lokacin da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake auna shi, saboda haka daƙiƙa uku 3000 ke nan. Kada a manta da riƙe hoton.

Wajen gwaji a yi amfani da hoton gini ko bishiya ko taswira. Hoton ɗan uwa ɗalibi ko na malami kuwa, a nemi yardarsa kafin a ɗora shi a kwamfutar da kowa yake taɓawa.

Duk wanda ya warware tambaya ta uku ya rubuto shirinsa a takarda, da sunansa da ajinsa, ya miƙa wa wakilin ƙungiyar 'yan jarida na ajinsu. Za mu gwada su a ɗakin kwamfuta, mu manna wanda ya fi tsafta a wannan allo. Wanda kuma ya maƙale a wani wuri ya kwafo mana layin ƙarshe na jan rubutun yadda yake, matambayi ba ya ɓata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.